Tsohon karen da maƙwabci ya bari: mu ɗauke shi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Maƙwabcinmu a nan Kaduna ya tashi ya bar karensa, yau sati uku yana kwana a bakin ƙofar kangon, har haƙarƙarinsa sun fito. Ruwa biyu ne, Alsatian (babban karen nan ɗan asalin Turai) da na gida, an ce shekararsa tara. Maigidana yana so mu ɗauke shi ya zauna ta wajen gareji. Ni kuma yarana uku, autar shekararta huɗu. Tsohon kare yana sabawa da sabon gida? Babu hatsari?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka muku da alheri da kuka damu da halin da dabbar nan ke ciki. Yana sabawa, sau da yawa ma ya fi kwikwiyo sauƙi, don ya wuce shekarun tauna takalmi da tone shuka. Amma ku san abin da za ku ɗauko. Babban kare yakan fara tsufa ne daga shekara 7, irin Alsatian kuma da wuya ya haura 13. Idan maigida gadi yake nema, wannan ya gama aikinsa. Wurin hutawa yake bukata.

Kafin ya taka gidanku, likitan dabbobi ya gan shi. Sati uku a waje, ba wanda ya san da wa ya yi faɗa. Allurar ciwon hauka ce farko, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ke haɗawa, ana kuma maimaita ta duk shekara. Ko maƙwabci ya rantse an yi masa, in babu kati a sake. Sai dai allura ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, don haka a duba jikinsa ko akwai sabon cizo, a kuma keɓe shi daga yara har likitan ya gamsu. A cire kaska, a ba shi maganin tsutsa, in da hali a gwada jininsa saboda zazzaɓin kaska da ciwon ƙoda.

Yanzu batun autarki, wanda shi ya fi damuna. Tsohon kare ba mugunta ke sa shi cizo ba, ciwo ne da firgita. Ƙugun Alsatian yana lalacewa da tsufa, kunne ya yi nauyi, ido ya yi yana. Ki ɗauka yana barci a inuwa, bai ji takun yarinya ba, sai kawai ya ji an faɗo masa a kan ƙugun da ke masa zogi. Bakinsa zai riga tunaninsa. Saboda haka doka uku a gidan, kuma babba ya tsaya a kansu: ba a taɓa shi yana barci, ba a zuwa kusa da kwanonsa yana ci, ba a barin yarinyar da shi su biyu, ko na minti ɗaya. Ranar da kuka ji ya yi gurnani, kada a dake shi. Gurnani gargaɗi ne. Karen da aka hana gurnani da sanda, watarana sai ya yi cizo ba sallama. In kuwa cizon ya auku, ko ƙarzane ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Kwanakin farko zai iya ƙin abinci, ya lafe a lungu, ko ya yi ta neman komawa tsohon gidan, tunda yana nan kusa. Ku rufe ƙofa, ku ƙyale shi. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum. Wasu sukan sake jiki cikin sati uku, wasu sai wata uku.

Kada tausayi ya sa ku cika masa kwano. Cikin da ya daɗe da yunwa kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau uku ko huɗu a yini, mai laushi saboda haƙora: shinkafa ko tuwo da nama ko kifi marar ƙaya. Miyarmu ba tasa ba ce, albasa na fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji.

Shimfiɗa mai kauri a busasshen wuri, ba siminti tsirara ba, musamman da hunturu. Kada ya kwanta a yashin da fitsari ya jiƙa, nan ƙudan da ke sa tsutsa cikin fata ke zuba ƙwai. Watan Maris da Afrilu kuma inuwa da ruwa ba yankewa.

In kin ga yana ɗingishi, don Allah kada a buɗe akwatin maganin gida. Ibuprofen da diclofenac suna ƙona cikin kare su kashe ƙoda, na sha ganin wanda aka kawo mini bayan an yi masa wannan taimakon. Akwai maganin gaɓɓai na karnuka, likita zai auna nauyinsa ya rubuta. Yawan shan ruwa da yawan fitsari, tari da dare, ko kumburin da ke girma, duk ku dawo da shi asibiti ba sai an jira watan allura ba.