Shirun minti goma a gaban mai intabiyu

Ƙanena,

Saƙonka ya same ni bayan la'asar, na karanta shi sau biyu. Ka ce a intabiyun aikin injiniyan bayanai sun ba ka tambayar SQL, yaren da ake zaƙulo bayanai daga rumbu da shi, ka yi tsit kusan minti goma kana tunani, ka rubuta amsa, bayan kwana huɗu suka turo imel ɗin nan na "mun gode da lokacinka". Yanzu kana tambaya: Oga, in koma in haddace tambayoyi ɗari uku ne na LeetCode, shafin nan na atisayen rubuta manhaja, ko dai aikin ba nawa ba ne?

A ganina shirun nan ne ya kayar da kai. Wanda ke ɗaya gefen allon ba ya ganin abin da ke cikin kanka. Minti 45 yake da shi, ya yi yawa awa guda, kuma da an rabu zai zauna ya rubuta rahoto: me ka tambaya, ta ina ka ɓullo wa matsalar, me ka yi da ka maƙale. Minti goman da ka yi kamar ruwa ya cinye ka, a takardarsa fili ne fetal. Na sha zama a kujerar nan, na san yadda take.

Mu ɗauki tambayar da ka turo. Teburin bayanai biyu, na kwastomomi da na oda. An ce ka fito da kowane kwastoma da adadin odar da ya yi a watan Janairu, har da waɗanda ba su yi ko ɗaya ba. Kafin yatsanka ya taɓa madanni akwai abubuwan da ya kamata bakinka ya faɗa. Odar da aka soke tana cikin lissafi? Janairu da agogon wace ƙasa, tunda ƙarfe goma sha biyu da rabi na daren 1 ga Fabrairu a Legas har yanzu Janairu ne a Landan? Oda ɗaya tana iya maimaituwa a teburin? Matambayi ba ya ɓata, kuma sau da yawa da gangan ake barin tambayar a buɗe don a ga ko za ka lura.

Sai ramin da aka haƙa maka. Ka yi LEFT JOIN, wato haɗa teburan biyu ba tare da zubar da kwastoma ko ɗaya ba, daidai ne. Amma ka sa sharaɗin kwanan wata a cikin WHERE, sashen da ke tace layuka bayan an haɗa. Kwastoman da ba shi da oda, gurbin kwanan watansa NULL ne, wato babu komai a ciki, shi kuwa NULL ko da me ka auna shi ba ya ba da "gaskiya", saboda haka layinsa zai faɗi. Mutanen da aka ce lallai ka nuna su, su ne ka share da hannunka. Wurin sharaɗin nan cikin ON ne, sashen da ke faɗin yadda za a haɗa teburan. Bayan shi akwai ƙaramin rami na biyu: in ka ƙirga da alamar tauraro, wato COUNT(*), wanda ba shi da oda zai fito da 1, domin layi ake ƙirgawa. Ka ƙirga lambar odar kanta, sai ya fito da 0. Da a ce kana magana kana cewa "bari in gwada da kwastoma ɗaya da bai sayi komai ba", da kai da kanka ka kama kuskuren a gabansu. Ɗan takarar da ya yi kuskure ya kama shi da kansa ya fi burge ni kan wanda ya zubo amsa daidai kamar karatun hadda, don a bakin aiki kullum cikin kama kuskure muke.

Zancen LeetCode kuma, ba na hana ka ba. Manyan kamfanonin Amurka har gobe suna yin irin waɗannan tambayoyi, kuma kowa ya san ma'aunin yana da karkata. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiri manhajar Homebrew da masu kwamfutar Mac ke amfani da ita, ya fito Twitter yana ƙorafin cewa Google sun ƙi ɗaukarsa don bai juya bishiyar bayanai, wani tsarin jera bayanai mai rassa, a kan farin allo ba. Tun 2013 ma Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya amsa cewa tambayoyin kacici-kacici da suka saba yi ɓata lokaci ne. To ka yi atisayenka daidai gwargwado, ka riƙe yaren manhaja na Python da kyau, ka san abin da ya sa bincike a ƙamus ɗin Python (dictionary) ya fi bin jeri ɗaya bayan ɗaya sauri. Amma kai aikin bayanai kake nema, nauyin yana kan SQL da tsara bututun bayanai, wato hanyar da bayanai ke bi daga tushe zuwa ma'ajiya.

A nan ne ake yin tambayar da ba a haddacewa: "Aikin da ka saita wa kwamfuta na dare ya mutu a tsakiya, an sake kunna shi. Me zai faru?" Ni an taɓa yi mini ita, kuma abin da ya cece ni abin kunya ne. A wani wurin da na yi aiki, na rubuta aikin da ke ƙara cinikin kowace rana a kan tebur. Wani dare ya yanke bayan ya zuba rabi, Airflow, mai kunna ayyuka a kan lokaci, ya sake gwadawa kamar yadda na saita shi, ya zuba duka daga farko. Da safe akanta ya kira ni yana murna wai ciniki ya yi tashin gwauron zabi. Sai wajen azahar muka gane kashi ɗaya cikin uku na kuɗin na bogi ne, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Na ba su labarin yadda yake, na faɗi gyaran: kafin ka rubuta bayanan rana, share na ranar tukuna, ko ka yi MERGE, wato sabunta layin da ke nan maimakon ƙara wani, da lambar da ba ta maimaituwa, ta yadda ko sau goma aka kunna sakamako ɗaya ne. Mai tambayar ya yi dariya ya ce shi ma ya taɓa sha. Kai ma kana da irin wannan labari, wancan teburin da ka goge a watanka na biyu. Kada ka ɓoye shi, ka shirya yadda za ka ba da shi cikin minti biyu.

Ƙananan abubuwa: ranar intabiyu ka cika cajin laftof, ka tanadi layin waya na biyu, don wuta ba ta san kana neman aiki ba. In suka ba ka aikin gida suka ce awa huɗu, kada ka kwana uku a kai. Ka rubuta abin da ka bari da dalilinka.

Ranar Asabar bayan azahar ka zo ofis. Zan ba ka tebur uku da tambaya ɗaya, in kunna agogo. Duk lokacin da ka yi shiru ya wuce daƙiƙa talatin zan buga tebur. Ka taho da cajarka, tawa ta lalace.