Gayyatar ɗan Ha Tay: amsar Baffa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokin karatunka a Hanoi ya gayyace ka ƙauyensu ranar tunawa da rasuwar kakansa, yana ce maka shi ɗan Ha Tay ne, ka duba taswirar Biyetnam ba ka ga wurin ba. Kana tambaya ko ya dace ka je, da yadda ake yi.

Yaron bai yi maka ƙarya ba. Ha Tay lardi ne da aka kafa a 1965, aka haɗa Ha Dong da Son Tay. Daga baya an gwama shi da Hoa Binh, aka sake ware shi a 1991, sannan ranar 1 ga Agusta 2008 aka shigar da shi cikin Hanoi. A takarda ya tafi, a bakin mutanensa yana nan, domin a can, da ƙauyen kakanni ake sanin mutum. Har karin magana gare su, wai dokar sarki ma tana rusuna wa al'adar ƙauye. Kuma suna da abin tunƙaho: alharinin Van Phuc, malafar ƙauyen Chuong, dutsen Ba Vi inda ƙabilun Muong da Dao suke zaune, da Duong Lam mai gidajen jan dutse, mahaifar Ngo Quyen wanda ya karya rundunar Sin a kogin Bach Dang a 938.

Ka je. Ba kowa ake kira wannan taro ba. Da lissafin wata suke sa ranar, galibi a gidan babban ɗa, dangi su hallara a yi girki, a jera abinci gaban hoton mamaci, a kunna turaren tsinke, kowa ya sunkuya. Nan ne iyakarka, kai Musulmi ne: ka koma gefe ka tsaya da ladabi, ban da sunkuyo, ban da wa'azi a gidan mutane.

Ka riƙe 'ya'yan itace ka miƙa da hannu biyu. Ka fara gaida mafi tsufa, kada ka taɓa abinci kafin manya, wannan dai mun koya maka tun kana ƙarami. Naman alade da giyar shinkafa ba a rasa su a irin wannan zama, don haka ka gaya wa abokin naka tun yanzu, ya sanar da mahaifiyarsa ta ware maka kifi da ganye. Kada ka bari sai an ajiye kwano a gabanka ka ture, abin zai yi mata ciwo.