Matar Sarki Ba Sarauniya Ba Ce

'Yata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, baƙi ne suka hana ni sakat. Kin ce za a kai ƙawarki gidan wani ɗan sarki, har ƙawaye sun fara ce mata "sarauniyar gobe", kina so ki ji ko a al'adarmu in miji ya hau gado matarsa takan zama sarauniya, kamar yadda kuke gani a Ingila. To, gyara zama.

Ba haka muka gada ba. A Kano matar sarki "Fulani" ake ce mata. Tana da sashenta da masu yi mata hidima, ana girmama ta ƙwarai, amma ba a naɗa ta, ba ta da kujera a fada. Mu da muka tashi a cikin birni har muka yi aure ba mu san fuskar matan Sarki ba, sunayensu ma ba a kamawa. Macen da take da sarauta a gidan ita ce uwa. Ranar da aka naɗa ɗanta ta zama Mai Babban Ɗaki, sai ta koma nata gidan da jama'arta. Hawan Daushe da kuke rububin ɗauka a waya washegarin sallah, ina kike tsammani aka nufa da dawakan nan duka? Babban Ɗaki, a Gwangwazo. Ina yarinya aka ɗora ni a kan katanga na gani da idona: ga algaita, ga 'yan bindiga, ga hakimai cikin alkyabba, sai Sarki ya sauka daga doki ya shige. Mutumin da duk gari ke faɗuwa a gabansa, shi ne ya je gaida tsohuwarsa, kowa na tsaye a waje yana jira. Guɗar da na ji daga cikin gidan ran nan har yau tana kunnena.

Abin ya daɗe. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 kuma ya gina gidan sarkin da ake ciki yanzu, tarihin Kano yake danganta kulle da gidan sarauta. Amma matarsa Auwa ba da aure ta yi suna ba. Sai da ɗanta Abdullahi ya yi sarki, jikanta Kisoki ya gaje shi, sannan maganarta ta zama abar tsoro a gari. Haka Shekara, ta gidan Sarki Ibrahim Dabo: 'ya'yanta uku, Usman da Abdullahi Maje Karofi da Bello, suka yi sarautar Kano a jere tun daga 1846. Ki duba irin wannan uwa, wa zai ja da ita?

Kalmar sarauniya kuwa da jini ake samunta. Daurama ƙasarta ta mulka a Daura. Amina ta Zazzau 'yar Bakwa Turunku ce, ba wanda ya aura mata sarauta. A tsohuwar Zazzau 'yar sarki ake ba sarautar Sarauniya, Iya ma ta mata ce, sai bayan jihadi ta koma hannun maza, shi ya sa yau Iyan Zazzau namiji ne da rawaninsa. Gobirawa suna da Inna, Katsinawan Maraɗi suna da Iya, duk daga dangin sarki. Barebari ne suka ɗan bambanta, don uwargidan Mai, wato sarkinsu, tana da sarautar Gumsu, ko da yake can ma Magira, uwar sarki, ita ce gaba.

Akwai waɗanda ba ki tambaya ba, ni kuwa ba zan tsallake su ba, wato sa-ɗaka, waɗanda ake kira ƙwarƙwara. Yaran yanzu kunyar zancen kuke ji. Bauta ce asalinsa, kuma ba na kewarta. Mace a raba ta da iyayenta ba abin ado ba ne, gara da doka ta soke ta gaba ɗaya a 1936. Amma ki san a shari'a ɗan sa-ɗaka da ɗan matar aure gadonsu ɗaya, sarakuna da yawa ta wannan ɗakin suka fito. A cikin sa-ɗaka ake samun Uwar Soro, mai riƙe da ragamar cikin gida. Ga kuma jakadiya. Akwai wata da take zuwa unguwarmu da goro a ƙunshe cikin ganye, tsohuwa 'yar firit, amma tana sallama dattawan zaure suke gyara zama, don sun san bakin Sarki ne ya iso. Matan da ake cewa an kulle, su suka fi kowa sanin abin da ke tafiya a ƙasa.

'Ya'yan sarki mata kuma da aurensu ake ƙulla zumunci: a ba hakimi, a ba malami, a kai wata masarauta. Nana Asma'u 'yar Shehu, Waziri Gidado ta aura, kuma daga ɗakinta take tura jajis, wato mata malamai, ƙauyuka suna karantar da matan da ake kira 'yan taru. Marigayi Ado Bayero ya auro 'yar Sarkin Ilori. A da yarinya sai dai ta ji an ba da ita. Yanzu ana tambayarta, ta yi jami'a, ta yi aikin asibiti ko na ofis, ni wannan ya yi mini daidai. Abin da ban saba da shi ba shi ne fallasa. Bikin 'yar Sarkin Bichi na lokacin da ɗan Shugaba Buhari a 2021, kafin a watse hotunan amarya sun zaga duniya, kowane ɗan tasha yana tofa albarkacin bakinsa a kan kayan jikinta. Raina ya sosu, wallahi.

Ki gaya wa ƙawar taki ta bar sunan nan a bakin ƙawaye, kada ya bi ta gidan miji, don 'yan'uwansa mata ba za su ji daɗinsa ba. In an kai ta, ta fara da ɗakin surukarta, ta koyi gaisuwar gidan, kuma kada ta raina tsofaffin da za ta tarar a tsakar gida da tsohon zane. Ki gaishe mini da babanki. In Allah ya kai mu sallah ki zo da wuri, mu je Gwangwazo tare.