Tambayi Fada: Aure ko Zama Sista?

Tambaya: Fada, ni ma'aikaciyar jinya ce a Kafancan, shekarata 26. Tun ina ƙarama nake son zama sista ta coci, wadda ba ta aure, amma ga iyayen saurayina suna shirin zuwa gaisuwa. Makon jiya muka yi faɗa da shi, na ce shi ke nan, gidan sistoci zan tafi. Yaya zan gane nufin Allah?

Amsa: 'Yata, kada ki yanke komai a wannan makon. Ranki a ɓace yake, kuma sai ruwa ya kwanta ake ganin ƙasan rafi.

Waliyyi Ignatius na Loyola soja ne kafin ya tuba. A 1521, a yaƙin Pamplona da Faransawa, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa. Yana kwance yana jinya, babu abin karantawa sai tarihin Yesu da na waliyyai. Can ya lura da wani abu. In ya yi tunanin suna da ɗaukakar duniya, yakan ji daɗi, amma da tunanin ya wuce sai zuciyarsa ta bushe. In ya yi tunanin bin sawun waliyyai kuwa, farin cikin yakan zauna. Daga nan ya koya mana mu dubi abin da tunani yake bari a zuciya bayan ya tafi. Ya kuma gargaɗe mu kada mu sauya shawara a lokacin duhun zuciya.

Ki sami ɗan littafi. Mako guda ki zauna kamar kin zaɓi aure, mako na biyu kamar kin zaɓi zama sista. Kowane dare, bayan kin tashi aiki, ki rubuta inda kika ji salama da inda kika ji ƙunci. Ki kai wa sista dattijuwa ko Fadan cocinku ku duba tare.

Ina jin tsoron abu ɗaya: kada ki mai da gidan sistoci mafakar fushi. Aure ma sakramenti ne, wato alama mai tsarki ta alherin Allah, ba kira mai ƙarancin daraja ba ne. Ikilisiya kanta ba ta gaggawa. Dokarta ta ce sai an yi aƙalla wata 12 ana horo, sannan alkawarin wucin gadi na aƙalla shekara 3, kafin na har abada.

Shi kuma saurayin, ki gaya masa gaskiya da bakinki, ki roƙi iyayensa su ɗan ɗaga ranar gaisuwar. Ki sake rubuto mini bayan wata guda.