Me Ya Hana Mu Lafta Masa Siminti?

Jiya muna wanke kayan aiki ka ce da ni, "Maigida, tsohon gidan nan da za a mayar wurin masu zane da masaƙa, me ya hana mu lafta masa filastar siminti, mu gama cikin mako biyu?" Magariba ta kawo jiki, ban samu na amsa maka ba. To zauna ka ji, ɗana.

Ginin nan na ƙasa ne, da tubali aka ɗora shi. Ƙasa tana shan danshi da damina, ta amayar da shi idan iskar hunturu ta kaɗa. Siminti kuwa ba ya barin danshi ya fita. Ruwa zai bi ta tsaga ya shiga, ko ya taso ta gindin bango, ya zauna yana cin ginin ta ciki, kai kana waje kana yaba kyan fenti. Ni da hannuna na yi wannan ɓarnar ina saurayi, a wani gida a Unguwar Shanu. Bayan damina biyu na ƙwanƙwasa bangon, na ji yana amsawa kamar ganga. Ina sa cokali filastar ta zamo gaba ɗaya, ƙasar bayanta ta koma kamar kunu, ga gara ta yi gida. Mai gidan dattijo ne, bai ce mini uffan ba, amma shirun nan nasa har yau yana cina a rai.

Shi ya sa daga sama za mu fara. A toshe yoyo, a gyara indararo ya riƙa jefa ruwa nesa da gindin bango. Kowace azara ka caka mata tsinin wuƙa, wadda wuƙar ta nutse a ciki ita kaɗai za a canza. Yaɓe kuwa da irin ƙasar ginin za a yi, a cuɗa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Kada ka raina ƙasa. Da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin Sarki Abdulkarim, bakan-gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufinsa, na nan tsaye har gobe.

Canza wa gida aiki ba laifi ba ne. Gidan Sardauna da ke Titin Rabah a Kaduna ai shi ne ya zama Arewa House, cibiyar binciken tarihi, a 1970, manazarta na shiga suna fita. Sai dai in gini yana cikin waɗanda Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta yi wa rajista, ko taga ba ka faɗaɗawa sai da izininta. Na sa masu gidan su bincika kafin mu taɓa komai.

Masu zane za su nemi haske da lantarki. Ba za mu sassare bango don binne waya ba, a bututu za ta bi ta kan yaɓe. In akwai masu rini a cikinsu, can bayan gida za a ware musu wuri da magudanarsu.

Gobe ka zo da alli. Ɗaki-ɗaki za mu bi muna ƙwanƙwasawa, duk inda ka ji ya amsa ka zagaye shi.