'Yata ɗaliba ta ɗauki ciki, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 16, wadda saura mata shekara ɗaya ta kammala sakandare, tana ɗauke da cikin kusan wata uku. Na fara zargi ne da na ga wata biyu ba ta tambaye ni audugar mata ba, kuma kullum da asuba sai in ji tana amai a bayi, tana sakin ruwa don kada a ji. Da na tsare ta sai ta fashe da kuka, ta amsa. Na yi mata faɗa mai tsanani, kuma tun ranar ba ta fita daga ɗaki, har na ji ta ce gara ta mutu. Mahaifinta bai sani ba. Ta ina zan fara?
Daga wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya sassauta miki. Ɓacin ranki ba abin mamaki ba ne, amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne furucin nan na gara ta mutu. Kada ki ɗauke shi a matsayin maganar yarinta. Ki shiga ɗakin yau, ki zauna kusa da ita, ki faɗa mata da bakinki cewa ranki ya ɓaci amma ba za ki kore ta ba, domin yarinyar da ta ga ƙofar uwarta ta rufu ita ce take faɗawa hannun masu zubar da ciki a ɓoye, ko ta sha abin da zai hallaka ta. Ki kawar da magunguna da duk wani guba daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai na dogon lokaci, sannan ki sanar da likita wannan furucin.

Bayan haka sai asibiti, a cikin makon nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta je awo aƙalla sau 8, na farko a cikin makonni 12, kuma 'yarki tana bakin wannan wa'adi. Za a auna jininta, a gwada ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, a ba ta ƙwayar ƙarin jini da folik asid ta sha kullum, a yi mata hoton ciki kafin mako na 24. Na nanata batun awo ne saboda 'yan ƙasa da shekara 20 sun fi matan da suka girme su kaɗan fuskantar ciwon jijjiga na masu ciki, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Idan kika ga zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko fuska da hannaye sun kumbura, kada ki jira gari ya waye. Haihuwar ma a asibiti za a yi, domin doguwar naƙuda ce take jawo yoyon fitsari.

Idan hankalinta ya kwanta, ki tambaye ta a natse yadda abin ya faru, ba tare da duka ko barazana ba. In babba ne ya yaudare ta, ko wani ya tilasta mata, to an zalunce ta ne, kuma wajibi ne a kai ƙara ga hukuma, ko da mutumin na kusa da ku ne.

Mahaifinta kuwa dole ya sani, amma ke za ki gaya masa, lokacin da ba ta wurin, tare da wani babba da yake jin nauyinsa idan kina tsoron fushinsa.

Karatunta kuma ina roƙon kada a binne shi. Ki je da kanki ki gana da shugabar makarantar a keɓe, ki tambayi abin da dokar ƙasarku ta tanada game da ci gaba da zuwa aji ko komawa bayan haihuwa, ki kuma nemi a riƙa aiko mata da darussa gida idan jiki ya yi nauyi, a sa sunanta cikin masu rubuta jarrabawar ƙarshe.