Amsa: Da me za a tsaftace soson goge mota?

Malam, ka tambaya ko sai ka sayi bokitin wanke soso na musamman, ko buroshi ya isa. Buroshin nailan da iskar kwamfuresa sun ishe ka. Bokitin na mai goge motoci da yawa ne a rana. Duk ka gama ƙofa ɗaya ko bonet, kunna injin gogewa, wanda soson ke manne a jikinsa, a hankali, ɗora buroshi, sannan ka hura iska. Ƙayar ƙarfe, wato ƙarfe mai haƙora da ake kankare soso da shi, ta soson ulu ce, tana yaga soson katifa.

Da yamma wanke da sabulun ruwa da ruwa mai ɗumi, ban da mai zafi, don yana saki gam ɗin mannen baya, wanda ke riƙe soson a jikin injin. Shanya a inuwa, a kife. Ƙurar Suame, unguwar makanikai a Kumasi, in ta shiga soso, musamman da hunturu, fenti za ta karce.